Ƙwan Fararen Talotalo Bai Jure Zafin Azare Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, da fatan masu sauraro suna lafiya.

Ni malamin koyar da noma ne a wata makarantar sakandare a Azare. Bara na sayo wa ɗalibaina manyan fararen talotalo daga Jos, irin na gidan gona, don su koyi kiwo. Girman ƙwansu ne ya ruɗe ni. Da bazara ta shigo sai tsuntsayen suka rage cin abinci, ɓawon ƙwan ya zama siriri, wani ma a hannu yake fashewa. Sun ƙi kwanci, muka sa wa kaza ƙwan, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Yanzu yaran sun fara cewa kiwon talotalo ɓata lokaci ne, wannan kuwa shi ya fi damuna.

Na kai kukana wurin maƙwabciyata Hajiya Dije, mai kiwon baƙaƙen talotalo na gida. Ta ƙwanƙwasa ƙwanmu a haƙorinta, ta yi dariya ta ce, "Malam, da karatunka ka sayo 'yan hutu? Nawa ƙanana ne, amma taɓa ka ji tauri." Nata duk sun ƙyanƙyashe.

Ta ba mu matan talotalonta biyu aro. Ina neman shawarar masana: in muka haɗa su da farin namijinmu, 'ya'yan za su gaji ƙarfin ɓawon? Ɗalibaina suna gindin rediyo suna jiran amsa.

Ina gaida malamai 'yan'uwana na Jama'are da Dambam.