Ranar da Boris Ya Ƙi Fita

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai, malamai da dattawan unguwa, direbobi da masu walda da masu faci da masu sayar da kayan gyara, iyayenmu mata da ke zaune a inuwar can, iyalan wanda muka taru dominsa, da sauran jama'a manya da ƙanana, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama, alhali ta san hannuna ya fi bakina iya aiki. Abu biyu ya tara mu. Yayana, abokin sana'ata, wanda duk kuka sani da Sannu-Sannu, yau yake ajiye sifana bayan shekara arba'in da ɗaya, saboda ido ya fara gajiya. Wannan gareji kuma, ƙarshen wata za a rushe shi don faɗaɗa titi. Magana uku zan yi, ta tsakiyar ce mai tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ta farko, wurin nan. Ku kalli ƙasar da kuke takawa, yadda ta yi baƙi ta daskare. Baƙin mai ne na shekaru, babu tsintsiyar da za ta ɗauke shi. Rumfar can ta kwano da hannunmu muka kafa ta. Bencin can mai ƙafa uku da bulo ɗaya, direbobi nawa suka yi gyangyaɗi a kansa suna jiran mota! A lokacin da muka fara ba mu da injin matsa boris, ba mu da na'urar da ke gaya wa mutum ciwon mota. Kunne muke da shi, da hannu, da guduma. Ni kuwa na fi kowa yarda da guduma, shi ya sa har jikokina Baba Guduma suke kirana.

Ta biyu, labarin wata rana. Wannan da nake kira Yaya ba ɗan'uwana na jini ba ne, ba yarona ba ne, ni ma ba yaronsa ba ne. Mun haɗu kowa da gemunsa da iyalinsa, muka haɗa kayan aiki muka buɗe nan. Amma shekara uku na farko, jama'a, ba mu ji daɗin juna ba. Ni ina ganin yana ɓata lokaci, noti ɗaya sai ya goge shi ya shafa masa mai kamar zai kai shi gidan suruki. Shi kuma bai taɓa ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ci mini rai.

Wata safiya sai ga wata ungozoma ta asibiti da tsohuwar motarta, ƙafar gaba ta hagu tana gurnani tun daga bakin titi. Da wannan mota take zagaya ƙauyukan bayan gari tana duba masu juna biyu. Ta ce da ni, "Malam, akwai wata da nake sa ran haihuwarta yau ko gobe, kuma cikin farko ne, jikinta bai kwantar mini da hankali ba. Dole in isa wurinta kafin rana ta faɗi."

Na ce, "Malama, boris ne kawai. Zauna ki huta, kafin ki gama shan ruwa na gama."

Yayana ya tafi kasuwar kayan gyara a lokacin. Na ɗaga motar da jak, na cire taya, na kwance birki, na fito da ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafar mota yana juya ta idan an murɗa sitiyari, wanda muke kira nokul. A cikinsa boris yake zaune, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Cikin boris ɗin ya fito a tarwatse, amma zobensa na waje ya ce ba inda za shi. Tsatsa ta haɗe su sun zama abu ɗaya, ko layin da ya raba su ba ka gani.

Na ɗauko guduma. Na buga, na buga, na sake bugawa, har mai shayin tsallaken titi ya leƙo ya ce ko gini muke rushewa. Awa biyu! Tafin hannuna ya yi ƙuraje, zoben nan ko gezau. Kuma ku sani, irin motar nan an daina kawo kayanta, idan nokul ɗin ya tsage, motar ta mutu ke nan. Malama tana kan benci da jakarta a cinya, sai agogonta take dubawa.

Zuciya ta ɗebe ni, na kunna wutar gas zan gasa ƙarfen ya yi ja. Sai na ji hannu a kafaɗata. Yayana ne ya dawo. A hankali, yadda ita ba za ta ji ba, ya ce, "Guduma, kashe wutar nan. Idan ya yi ja zai saki boris ɗin, amma ƙarfen ya rasa ƙarfinsa ke nan. Wata rana a kan gargada zai karye da baiwar Allah nan a ciki."

Na kashe, raina a ɓace. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora nokul ɗin a cinya, ya zuba kananzir, ya ɗauki ƙusa yana kankare tsatsa. Can sai ya kira ni, "Zo ka gani." A ƙarƙashin tsatsar akwai wani siririn zoben ƙarfe, kilif, wanda aikinsa shi ne ya hana boris fita. Awa biyu ina dukan abu alhali a kulle yake! Ƙasa ta tsage in shige, haka na ji.

Malama ta taso ta ce, "Lafiya dai ko?"

Ku ji abin da mutumin nan ya ce mata: "Lafiya, Malama. Wani ɗan ƙarfe ne ya ɓuya mana, yanzu muka gan shi." Mana, ya ce. Muka, ya ce. Shi da ko wurin ba ya nan.

An cire kilif, boris dai bai motsa ba. Sai ya miƙo mini nokul ɗin ya ce, "Nan kuma aikinka ne, hannuna bai kai naka a walda ba. Ka zagaya cikin zoben da walda, siriri, kada ka taɓa jikin nokul. Idan ya huce zai tsuke." Ban taɓa jin wannan dabara ba, ban kuma taɓa jin ya yabi hannuna ba. Na riƙe numfashi na zagaya zoben nan. Na gama na kai hannu ga guduma, ya ce, "A'a. Mu je mu yi azahar, a bar shi ya huce don kansa."

Da muka dawo, muka kai shi ƙarƙashin wata matacciyar babbar mota da ta shekara a kusurwar can. Muka kifa nokul a kan guntun bututu mai faɗi, muka ɗora ƙaramin bututu a kan zoben, muka ɗora jak a sama, kansa ya tokare cikin babbar motar. Ina buga jak, yana tsugune da kunnensa kusa da ƙarfen yana cewa, "Sannu... ƙara... tsaya... ƙara." Sai muka ji ƙas! Na ce shi ke nan, ya tsage. Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Ya saki." Zoben ya sulalo ya faɗo ƙasa, nokul kuwa ko ƙwarzane babu. Malama ta ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi, har ta ji kunya ta rufe baki.

Muka goge mazaunin, muka shafa giris, muka matsa sabon boris da jak ɗin nan dai. Kafin la'asar Malama ta hau hanya. Bayan kwana biyu ta biyo ta nan, ba ta ko kashe mota ba, ta leƙo ta taga ta ce, "Tagwaye ne, da ƙyar, amma har uwar suna lafiya."

Ta uku, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi. Shekara talatin da takwas na ɓoye ta. A safiyar ranar nan, jama'a, na riga na tattara sifanonina a buhu na tura bayan rumfa. Na yi shiri da mijin ƙanwata zai zo da yamma ya kwashe ni, in buɗe nawa wurin, ba tare da ko sallama ba. Ya zo kuwa, ya tsaya a titi yana danna ham. Na je na ce masa, "Tafi, na fasa." Na faki ido na mayar da sifanonin kan ƙusoshinsu, ina ganin babu wanda ya sani.

Makon jiya, muna kwashe kaya, na ce bari in sauke nauyin nan. Na ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba." Na kwashe labarin duka. Ya gama saurare, ya ce, "Ai na ga buhun tun da safe. Shi ya sa na tafi kasuwa, don ka fita ba tare da ka ji kunyata ba. Da na dawo na tarar kana nan, sai na ce to, Allah bai yi ba."

Ga shi can yana sunkuyar da kai. Yaya, a gaban jama'ar nan nake roƙonka, ka yafe mini shekara ukun farko. Sauran kuma, na gode.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idonka, ya sa hutun nan ya zame maka alheri. Allah ya jiƙan waɗanda muka yi aiki tare a nan suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa albarka a hannun duk mai neman halal, ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu a kan hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum. Na gode.