Jinin Ƙanen Alhaji

"Gidanmu tun kakanni ba mu taɓa roƙon mutum komi ba," in ji wani dattijo mai babbar riga, a bencin jira na wani asibiti a Rabah. Kusa da shi wani malamin makaranta ne, Ephraim, riƙe da takalman 'yarsa da aka kwantar, bakinsa na motsi.

"Malam, mi kaka hwaɗi tun ɗazu?"

"Addu'a ce, Baba. Ya Yesu, ka yi mana jinƙai."

"Duk bokon naka, ita ke nan?"

"Tun da zazzaɓi ya sumar da yarinyar nan, dogayen addu'o'in suka gudu daga kaina. Na sa ƙanenka ma a ciki, na ga yadda aka shigo da shi."

"Wa yac ce ka sa shi?"

"Akwai wuri ne a addu'ar, Baba."

Sai wata nas ta leƙo. "Alhaji, ƙanenka na buƙatar jini, amma naka bai dace da nashi ba. Ga mutane nan, ka roƙi wani, ba mu da lokaci."

Dattijon ya dubi mutanen, ya dubi ƙasa, ya gyara zaman rigarsa.

"Wane iri ake nema?" in ji Ephraim. Ta faɗa masa. "Irin nawa ne."

"Ni dai ban roƙe ka ba, Malam."

"Kowa shaida ne, Baba. Riƙe mani takalman nan, in ta farka su za ta fara tambaya."

Ya naɗe hannun rigarsa ya bi nas.