Moɗar Sukhai Majemi

Shugaban majalisar gari, Kedarnath Tiwari, wanda muke kira Babu-ji don girmamawa, dattawan majalisa, injiniyan da ya jawo mana ruwa, iyayenmu mata, da 'yan unguwarmu ta majema da nake hangowa can baya, a tsaye cikin rana: ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba Sukhai majemi damar magana, ko da yake an ja mini kunne in taƙaita.

An tara mu ne don zaɓen sunan da za a rubuta a jikin sabon famfon gari: ko Lauya Dinanath Tiwari, mahaifin shugabanmu, ko Jageshwar malamin makaranta. Dukansu sun ja mu wajen ƙin mulkin Ingila, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Wata goma sha ɗaya na yi da su a kurkuku ɗaya, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bari in auna muku su a kan abu uku.

Na farko, baki. Idan Lauya ya yi jawabi, har marowaci sai ya tuɓe rigar Ingila ya jefa a wuta. Jageshwar kuwa mai in'ina ne, kafin ya gama furta "'yanci" 'yan sanda sun iso. Nan Lauya ya yi gaba.

Na biyu, zuciya. Nan kunnen doki suka yi. Kulki ɗaya ya fasa kawunansu, ba wanda ya roƙi afuwa.

Na uku, ruwa. A kurkuku, in ƙishi ya kama ni, Lauya yakan ɗaga buta sama ya tsiyayo mini a tafin hannu, kada jikin majemi ya ƙazantar da ita, don a al'adar ƙasar nan duk abin da majemi ya taɓa ya zama ƙazanta. Yakan ce, "Haƙuri, ɗana. Mu kori Bature tukuna, sauran zai biyo baya." Wata rana Jageshwar ya fizgi moɗata ya kafa kai, ya shanye, ya goge baki ya ce, "R-ruwa ne dai, Lauya-ji. Ga ni, ban mutu ba." Bayan an sake mu, saboda wannan shan ruwa danginsa ba su ƙara cin abinci da shi ba har ya bar duniya.

Jama'a, yau shekara ashirin da biyar da tafiyar Bature, sauran bai iso ba. Har jiya jikata Phulwa tana tsaye nesa da rijiya da tulunta, tana jiran mai tausayi ya tsiyayo mata, don an hana majema taɓa rijiya. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Babu-ji, mahaifinka gwarzo ne, ban rage masa komai ba. Amma famfon da Phulwa ba za ta murɗa da hannunta ba bai cancanci sunan kowa a cikinsu ba.

Ubangiji ya jiƙan su biyun, ya sa albarka a ruwan nan, ya mai da kowa gida lafiya. Ga moɗar nan, ita ce dai ta kurkuku. Na ajiye ta a gabanka, Babu-ji, kai ne za ka buɗe famfo, sai mu ga ko za ka sha da ita.

Na gode.