Keken Ɗinkin Mama

A ɗakin jira na asibiti, wani malami yana duba littattafan ɗalibansa a kan cinya, wata mata a gefensa tana leƙe.

"Malam, har a layin likita ma aiki?"

"Ya na iya, baiwar Allah? Jimloli na sa su rubuta: wa aka ba, me aka ba shi. Mu a Hausa mutum muke fara ambata, sannan kayan. Wasu harsunan kuwa kayan ne a gaba."

"Da ka suke ƙirƙirowa?"

"A'a, na hana su ƙirƙira. Abin da suka gani a gida kawai. Ji wannan: 'Baba ya ba ƙanwarsa keken ɗinkin Mama.' Ko kuskure ɗaya babu."

"Tsaya! Juyo bangon in gani. Innalillahi! Ƙyallen nan ni na ɗinka wa littafin da hannuna. Na 'yata ne!"

"Ikon Allah! Ai ta ci goma bisa goma."

"Malam, wata uku ke nan ubanta yana rantse mini cewa ɓarayi ne suka ɗauke keken. Da shi muka je wurin 'yan sanda!"

"Subhanallahi! To... wataƙila ƙirƙira ta yi."

"Ba kai ka ce ka hana su ba?"