Shaidu Biyu a Kan Injin Niƙa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da Likitan da ke tare da kai. A gafarce ni bisa damun ku da zan yi.

Gwaggona tana zaune a Takur, daga ita sai 'yarta Hajara. Tun bara take cewa injin niƙan maƙwabcinsu yana ambaton sunanta, yana yi mata barazana. Yanzu Hajara ma ta ce tana ji. Har sun toshe tagogi da tsumma.

Na je da kaina na tsaya jikin injin har aka gama niƙa dawa, ban ji komai ba sai ƙara. Na kuma karanta a wata ƙasidar asibiti cewa ruɗin tunani kan kama mutum guda, ya shafi wanda suke rayuwa tare. Da Hajara ta je biki Garki, dariya ta riƙa yi wa zancen. Tana dawowa gida, ta ci gaba da ji.

Na yi wa Yaya Babba bayani, sai ya ce, "Kai Malam Ƙasida, ko a gaban alƙali shaidu biyu sun isa. Kurumtarka ce hujja?" Ranar Juma'a zai kai ƙara wurin mai unguwa a tashi mai injin, bawan Allah da iyalinsa. Wallahi na gaji!

Roƙona:

Na ɗaya, idan ɗaya daga wurin ɗayar ta ɗauko, shaidar biyu ce ko guda?

Na biyu, in an raba su don magani, wa zai kula da Gwaggo?

Ina jiran amsa a rubuce kafin Juma'a, domin in na ce a rediyo na ji, Yaya zai ce ni kaɗai na ji.

Naku, Malam Sabi'u, Dutse.