Tumbin da Aka Taya Murna

A rumfar mai cajin waya, kusa da Masallacin Koudoukou, Sabuwa tana jiran wayarta. Wani ɗan kasuwa mai ƙaton ciki yana kallon bidiyo a gefenta.

"Mama, kin ji Turawa? Wai za su ƙera injuna ƙanana da ido ba ya gani, kowanne yana haifar irinsa. In suka ƙwace, sai su cinye duniya ta zama toka."

"Ba mai tsayar da su?"

"Wai abin da ya wargaje ba ya haɗuwa da kansa. Ni dai dariya suke ba ni."

"Ni ba su ba ni ba. Haka likita ya ce game da ciwon marigayi maigidana, Audi. Ƙwayoyin jikinsa ne suka yi ta haihuwa, suka ƙi tsayawa."

"Allah ya jiƙansa. Ba ku gani da wuri ba?"

"Mun gani mana! Cikinsa na girma, duk unguwar Yakité na taya ni murna, wai tumbin arziki ne, na iya girki. Har sababbin riguna aka ɗinka masa. Wuyansa kuwa yana ramewa, ba wanda ya duba."

Mutumin ya kashe bidiyon.

"Shi marigayin, yana cin abinci sosai?"

"Loma uku, sai ya ce ya ƙoshi."

Sabuwa ta dubi agogon da ke lilo a siririn hannun ɗan kasuwar.

"Mama, wane asibiti kuka je?"

"Taso mu tafi, ɗana. Wayar ta jira."