Kafin a Kunna wa Babana Waya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyar teloli, injiniyan da ya haɗa wa ƙungiya manhajar waya, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da gaisuwar ƙarami ga babba. Ku yi haƙuri da muryata. Ban taɓa riƙe makirufo ba.

Ina godiya da kuka zaɓi babana ya fara gwada sabon abin da aka ƙara a manhajar, wanda ke mayar da magana rubutu. Ga shi nan a layin gaba, da babbar rigar da ya ɗinka wa kansa saboda yau. Tun yana saurayi zazzaɓi ya tafi da jinsa, amma karatu bai bar shi ba. An ce da na sauka za a kunna masa wayar. Ke nan yanzu ba ya jin abin da nake faɗa, shi ya sa na roƙi a bar ni na yi magana tukuna.

Da farko, akwai ƙaramin tsorona. Idan na taso daga makaranta, bayan keken ɗinkinsa nake zama, kan tarin ƙyallaye, ina karanta littattafan soyayya da ƙarfi, har da canza murya idan an zo wurin saurayi. Shi kuwa ya kalle ni ya gyaɗa kai, a zatonsa hadda nake yi. To, asirina ya kusa tonuwa. Ku yi dariyarku, Mama ma ta yi.

Na biyu shi ne babban, kuma ba na dariya ba ne. Ni ina da kunne, kuma a shagon nake wuni. Na ji wata hajiya, yana duƙe yana auna mata tsawon zane, tana ce wa ƙawarta, “Ke, lallaɓa shi kawai muke yi, ɗinkin salla ai can wajen wani zan kai.” Ya ɗago ya yi mata murmushi. Na ji yara suna leƙowa ta taga suna kiransa da sunan da ba zan maimaita ba, shi yana ɗaga musu hannu. Na ji wanda yake zama a bencinmu kullum, wanda Baba ke ajiye wa kofin da ya fi kyau, yana ce wa wani, “Wallahi lada nake nema, in ba haka ba wa zai zauna da shi?” Babana ya ɗauka amininsa ne. Har ya sassaƙa wa wayar ɗan katako a gefen keke, daidai saitin bencin nan, don kada hirarsa ta wuce shi.

Na je na tambayi injiniya ko akwai maɓallin da ke ɓoye mugun zance. Ya ce, “Ƙanwata, zagi kam tana iya rufewa, amma waɗannan da kika lissafa ai babu zagi a ciki.”

Don haka ku nake roƙo, iyayena. Ban ce ku yabe shi ba, ban ce ku tausaya masa ba. Idan ɗinki bai yi ba, ku dubi idonsa ku gaya masa, zai farke ya sake, tela ne. Amma maganar da kuka saba yi a kansa yana tsaye, kamar ana yi a gaban bango, don Allah ku bar ta a bakin ƙofa. Wanda kuma ya san zaman bencin nan ya dame shi, ya janye a hankali tun yau, kafin Baba ya karanta da idonsa.

Allah ya tsare mana harsunanmu, ya sa albarka a alluranku da almakasanku, ya saka wa injiniya, ya mayar da kowa gida lafiya. Shugaba, ina neman alfarma ɗaya: idan an kunna, a yi shiru, a bar ni na fara. Tun da aka haife ni bai taɓa sanin yadda nake cewa “Baba” ba.

Na gode.